Kalmasar da Ba Mu Farke Ba

"Ku farke na ƙasan ma," in ji Tela. "Ba nan ba, Yaya. Can inda labulen ke taɓa ƙasa."

Na durƙusa da reza a hannu, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na bi kalmasar labulen na farke. Sai ga fararen ƙwayoyi suna zubowa kan siminti, wasu suna gangarawa ƙarƙashin gado. 'Yar Tela, wadda muke kira Malama don a firamare take koyarwa, ta bi su da tsintsiya.

"Kin ga ɗinki?" Tela ta ce da ni. "Shekara nawa kina shigowa ɗakin nan, kin taɓa lura labulen ya fi na kowa nauyi?"

"Yanzu kuma yabo kike so?"

"To ai aiki ya yi kyau."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Malama kam ko murmushi.

Bari in gaya muku ko wace ce Tela, don kada in yi ta zuba kuna kallona. Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Kowa a layinmu Iya yake ce mini, ita kaɗai ke ce mini Yaya, don na girme ta nesa ba kusa ba. Tun mijinta na da rai take ɗinki, bayan ya rasu kuma keken ɗinkin nan ne ya ciyar da ita, ya kai Malama makaranta har ta zama abin da ta zama. Mace ce da ba ta buƙatar tef ɗin awo. Kallo ɗaya za ta yi miki daga sama zuwa ƙasa, ta ce, "Kin ƙara ƙiba a kafaɗa," ta yanka yadi, rigar ta zauna miki kamar a jikinki aka haife ta.

Ciwon baya ne ya fara. Wanda ya yi shekara da shekaru a sunkuye kan keke ya san shi. Aka rubuta mata ƙwayar kashe zafi, ta sha, ta ji kamar an sauke mata dutse. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma abin da ba a faɗa. Da likita ya daina rubutawa, ta samo inda ba a tambayar takarda. Mu dai muna jin keke yana tafiya ba tsayawa, muna cewa Tela akwai himma.

Ranar da abin ya fashe, Malama ta kawo mata jikarta ta wuce wurin aiki. Ficiciya muke ce wa yarinyar, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tela ta kifa kai kan keke barci ya sace ta, irin barcin nan da ba na Allah da Annabi ba. Mai shagon bakin layi ne ya tsinci yarinyar a tsakiyar titi, da almakashi a hannu, motoci suna kauce mata. Da yamma Malama ta zo ta goya 'yarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ba za ki sake ganinta ba sai kin je asibiti, kin gama, sun ce kin gama."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

Shi ya sa muke farke labule a ranar nan. An kwantar da Tela 'yan kwanaki an wanke mata jiki, aka sallamo ta, aka sa ta a wani tsari da ban taɓa jin irinsa ba. Da safe motar asibiti za ta zo ta ɗauke ta, ta wuni can, da la'asar a dawo da ita ta kwana a ɗakinta. Asabar da Lahadi ba zuwa. Tela ta raɗa masa suna asibitin je-ka-ka-dawo. Amma kafin a fara, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita, wadda kowa ke ce wa Sista, ta ce sai an tsabtace ɗakin tas, kada a bar ko ƙwaya ɗaya. Ta kuma ce a rufe keken.

Mun farke labule, mun farke bakin zanin gado, mun farke matasan kai. Akwai a kafaɗar wata tsohuwar kwat ta marigayi. Akwai a cikin ɗan matashin da take soke allurai. Ita ce ke nuna mana, tana zaune a bakin gado ta rungume gwiwa, tana rawar ɗari alhali ana zafi. Da muka gama, Malama ta juye komai a leda ta ƙulle. Ni kuma na ɗauko rigar keken, wata shuɗiya mai kauri da Tela ta ɗinka masa tun yana sabo, muka lulluɓe shi, na ɗaure da igiya ta ƙasa.

"Kun yi wa mijina likkafani," in ji Tela.

"Hutu muka ba shi," na ce.

Ta dubi 'yarta. "Ficiciya ta fara magana?"

"Tana yi."

"Me take cewa?"

Malama ta saɓa jaka. "In kin gama za ki ji da kunnenki."

Motar asibitin fara ce, ba rubutu a jikinta don kada a kunyata mutane, ko da yake kowa a layin ya san ta. Direban wani dattijo ne mai furfura a gemu. In ya iso sai ya danna hon sau biyu a hankali, kamar mai neman gafara. Tela ta fito da mayafinta da 'yar jakarta, ta zauna kusa da taga. Ni ina bakin ƙofa da butata.

"Yaya, na tafi makaranta."

"Ki gaishe da hedimasta. Kada ki yi faɗa da yara."

Akwai ranar da ake cewa iyali su zo, ranar Alhamis. Satin farko Malama ta ce tana da aji. Sati na biyu ta ce yarinya ba lafiya. Tela ta leƙo ɗakina tana murza bakin mayafi.

"Kowa ana zuwa masa. Kujerar kusa da ni ce kaɗai ba kowa. Har wani yaro ya ɗora ƙafarsa a kai."

Na ɗauki takalmina.

Wurin ba kamar asibitin da na sani ba ne. Ba gadaje. A bakin ƙofa wata mata ta zazzage jakunkunanmu, ta karɓe wayar Tela da wata allura da ta manta a bakin mayafi, ta sa a akwati mai makulli. Aka miƙa mata ɗan kofin roba ta shiga bayi, wata ma'aikaciya tana tsaye a ƙofa. Da ta fito ta ce da ni, "Kin ga yadda girma ya faɗi? Kullum sai na kawo musu fitsarina kamar tsaraba." Daga nan wata taga, aka ba ta magani ɗaya, ta sa ƙarƙashin harshe, aka tsaya ana kallonta har ya narke, ta buɗe baki ta nuna.

Sai wani ɗaki mai faɗi, kujerun roba an jera su da'ira, fanka tana juyawa da ƙyar. Yawancinsu samari ne, sa'annin jikokina. Akwai wani direban babbar mota, akwai wata yarinya mai gyaran gashi da ba ta ɗaga kai. Duk Mama suke ce wa Tela.

"Mama, maɓallina ya cire."

"Ka je ka gaya wa masu ƙwace allura."

"Mama, wandon nan ya yi mini kyau?"

"Wanda ya ɗinka shi da kai yake gaba. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ce a raina, ashe har yanzu tana nan.

Da aka zagayo kanta, kowa yana faɗin yadda ya kwana, sai ta dubi hannuwanta.

"Nan ba wuya," ta ce. "Nan akwai ku, akwai shayi, akwai surutu. Wuyar tana farawa ne in motar nan ta sauke ni. Ɗaki shiru. Hannuna ba abin yi. Bayana yana kirana da sunana. In zauna, in tashi, in dubi bango. Gari ba ya wayewa."

Direban babbar motar ya gyaɗa kai kawai.

Bayan an tashi Sista ta ja ni gefe. Doguwa ce, idanunta duk gajiya.

"Iya, ke ce 'yar'uwarta?"

"Bango ne ya haɗa mu."

"To ki ji. Kada ta hau keken nan tukuna. Ƙafarta da bakinta sun saba tafiya tare, in ta taka, jikinta zai nemi abin da ya saba. Na biyu kuma, ita ma na gaya mata. Jikinta ba na da ba ne. Abin da take sha a da ta tashi ta yi aiki, in ta sha shi yau, ba za ta tashi ba."

"To ku riƙe ta mana, ta riƙa kwana a nan."

"Ba mu da wurin kwana. Mu namu wuni ne. Sauran naku ne."

Na dawo ina juya maganar nan. Sauran namu ne. Mu wa? Ni da nake barci tun kaji ba su gama shiga akurki ba?

Na yi iya yina. In motar ta sauke ta, in shiga da shayi da burodi, in zauna ina ba ta labarin duniya, wanda ya faru da wanda bai faru ba. Wata rana ta saurara, wata rana ta juya fuska bango. Ta rame, wuyanta ya fito. Amma fitsarin nan dai kullum yana fita fes, har Sista ta ce in aka ci gaba haka, sallama ta kusa. Ranar Tela ta dawo da wani ɗan yadi rawaya mai furanni, ta ce ta roƙi direba ya tsaya ta saya.

"Na Ficiciya ne. Ranar da za a kawo ta nake so ta tarar da shi."

"Sista ta ce..."

"Yankawa kawai zan yi. Almakashi ba keke ba ne."

Ta shimfiɗa shi a kan gado, ta lumshe ido kaɗan kamar yarinyar tana tsaye gabanta, ta zana da alli, ta yanka.

Su mutanen layinmu ba mugaye ba ne, kada ku ɗauke su haka. Da farko sun yi ta gulma, daga baya gulmar ta ƙare, tausayi ya zo. Matar mai shago ce ta fara. Na ji ta a bakin famfo tana gaya wa mata.

"Zaman banza ne zai kashe baiwar Allahn nan. Mace da sana'arta a hannu, an ɗaure mata keke kamar akuya. Mu da muka guje ta, mu ne za mu koma. A kai mata aiki, ta san ba a yar da ita ba."

Na ce, "Asibiti sun hana."

"Haba Iya. Su asibiti sun san ta ne? Aiki ai magani ne."

Duk suka ce gaskiya ne. A lokacin ana shirin komawa makaranta ranar Litinin, kowace uwa tana da yadin yunifom a ɗaki. Ranar Juma'a da la'asar, motar tana sauke Tela, suka bi ta ciki. Matar mai shago da nata na yara uku, matar makaniki da nata, har wata da ta taɓa cewa ba za ta sake taka ɗakin ba. Na shiga na tarar da gado ya cika da yadi, fari da shuɗi, Tela tana tsaye a tsakiya, idonta ya kawo ruwa.

"Mun ce ba mai taɓa mana kayan yara sai ke," in ji matar mai shago. "Wancan telan na bakin kasuwa ɓata mana yadi kawai yake yi."

"Kun tuna da ni," Tela ta ce. Sau biyu ta faɗa.

Da suka fita na rufe ƙofa.

"Ki mayar musu."

"Yaya, tun ranar titin nan ba wadda ta gaishe ni. Yau sun shigo da ƙafarsu."

"Ki ce musu ba yanzu ba."

"Ni tunda nake ban taɓa ce wa mai kawo ɗinki a'a ba. Gobe nake cewa. Bakina bai iya ɗayar ba."

"To ce musu gobe. Ki yi ta cewa gobe, ai kin saba."

Ta yi 'yar dariya, tana shafa yadin. "Litinin za su sa."

Kafin magariba na ji shi ta bango. Wata da watanni ban ji ƙarar nan ba, har na manta yadda take shiga ƙirji. Keke yana tafiya.

Na kira lambar asibitin. Ta yi ta ƙara, can wani ya ɗauka, ya ce shi mai gadi ne, ma'aikata sun tashi, sai Litinin. Na kira Malama.

"Uwarki ta hau keke."

Ina jin Ficiciya tana surutu a bayanta.

"Ta sha wani abu?"

"Ba ta sha ba. Amma ki zo. Ki zo da yarinyar ko na minti kaɗan ne."

"Iya, in na kawo ta yanzu, na karya maganata. In na karya, ta san ana karyawa. Kin san sau nawa ta rantse mini? Na gaji, Iya. Wallahi na gaji. Saura kaɗan ta gama, ta daure."

Ban ga laifinta ba. Har yau ban gani ba.

Ranar Asabar na wuni a ɗakin. Na ce in ba zan iya hana ta ba, in zauna in zuba mata ido. Ina cire mata zare, ina ninke waɗanda ta gama. Da safe tana raha, tana cewa ɗan matar makaniki kansa ya fi wuyan riga. Da rana ta yi tsaka ta daina magana. Takan tsaya ta dafa ƙugu da hannu biyu, ta cije leɓe, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Na ga hannunta na dama yana zuwa wajen ɗan aljihun keken da kansa, ya buɗe, ya tarar ba komai, ya dawo. Ba ta ma san yana yi ba.

"Tashi ki kwanta."

"Saura kaɗan."

"Bari in shafa miki man zafi."

Na shafa mata. Bayan nan duk ƙashi ne. Ta kifa kai a kan keken tana numfashi.

"Yaya, kin san abin da ke ba ni tsoro? Ba ciwon ba. Ɗinkin nan da nake yi, ba daɗi. Da in na taka keke ji nake kamar ina tashi sama. Yanzu kamar ina jan buhu. In haka zai zama har ƙarshe, me aka gyara?"



Rigar keken tana gefe a kan kujera inda ta ajiye ta, a ninke. Na ɗauke ta na zauna, na ɗora ta a cinyata, har na yi fifita da ita.

Lahadi da hantsi keken yana tafiya, ina jinsa ina wanke-wanke. Can ya tsaya. Na ce alhamdulillahi, ta gama, ta kwanta. Na bar ta ta huta. Sai da azahar ta wuce na haɗa shayi na tura ƙofar.

Tana zaune, kanta a kife kan keke, kumatunta a kan hannu, yadda na sha tarar da ita a da. Yunifom duk an gama, an ninke, na kowane gida daban, an ɗaure da ƙyalle. A ƙarƙashin allura akwai 'yar rigar rawaya.

"Tela. Tashi ki koma gado."

Na ajiye kofin na taɓa wuyanta.

A ƙasa, kusa da ƙafarta, rigar keken nan shuɗiya ce. An farke kalmasarta daga wannan kusurwa zuwa waccan, farka mai tsabta, zare ɗaya bai tsinke ba bisa kuskure. Ko ta manta da ita ranar da take nuna mana wurare, sai ciwo ya tuna mata, ko kuwa tana sane ta yi shiru, wannan ban sani ba. Na tambayi kaina har na gaji.

Kafin rana ta faɗi an kai ta makwancinta.

Washegari da safe muna zaune a ɗakin, ni da Malama da 'yan mata masu zuwa gaisuwa. Ta taga ina ganin yaran layi suna wucewa makaranta cikin sababbin kaya, kowa tasa ta zauna masa daidai. Matar mai shago tana gefe tana kuka, tana cewa ita alheri ta nufa. Ba wanda ya ce mata ba haka ba ne.

Ficiciya tana yawo tsakanin ƙafafun mutane. Ta yi tsawo, bakinta ya buɗe, komai sai ta tambaya. Ta je ta dafa keken.

"Wannan na waye?"

Malama ta tashi, ta ɗaga allurar, ta zaro 'yar rigar. An gama komai, hannu da wuya da maɓallai uku a baya. Kalmasar ƙasa ce kawai ba a yi ba. Ta durƙusa, ta juya yarinyar, ta kara rigar a bayanta. Kafaɗun ba su kai ba. Tsawon ma, duk da ba a kalmashe ba, bai rufe gwiwa ba.

"Tawa ce?" in ji Ficiciya.

Malama tana nan durƙushe, ta riƙe rigar a bayan 'yarta da hannu biyu.

A waje aka danna hon sau biyu, a hankali. Ba wanda ya tuna ya gaya wa mutanen asibiti. Na leƙa ta labulen nan da ba shi da kalmasa. Farar motar tana tsaye a ƙofar gida, injin yana aiki, dattijon yana duban ƙofarmu. Samarin da ke ciki sun matsa sun bar kujerar kusa da taga.